Ruwan da bai kwana ba

Shekara goma ina koya wa ɗalibaina kalmar «poire», ban taɓa ɗanɗana ɗan itacen ba. Sai a watan Oktoba na 2016, da na je ƙaro ilimi Faransa, wani dattijo ya sauke ni gidansa kusa da Domfront, cikin Normandi.

Itacen lambunsa, kakansa ne ya dasa shi. Ba a tsinkar ƴaƴan, sai sun faɗo da kansu. Muka tsince, muka wanke, muka niƙa, muka matse, ruwan ya cika ganga. Can zai yi makonni yana kumfa, zaƙinsa na rikiɗewa giya.

Da maraice ya kawo kwalbar bara, ya zuba mini. Gabana ya faɗi: in na sha, na saɓa wa addinina, in na ƙi, na watsa wa mai masaukina ƙasa a ido. Na ce: «Baba, abin da ya kwana ganga ya fi ƙarfina.»

Ya yi shiru, ya tashi, ya taro mini sabon ruwan da ke ɗiga wurin matsewa. Muka sha, kowa da nasa, daga itace guda.

Tun ran nan, in na iso kan kalmar a aji, nakan ɗan dakata.