Kilo Nawa Ya Dace Da Mai Gudun Nisa?

Akwai wata magana da ke yawo a bakin masu gudun nisa na makarantar nan, musamman idan aka fara jin ƙishin-ƙishin ɗin zaɓen waɗanda za su je NIPOGA: "Kai dai rage kilo biyu, ka ga yadda za ka tashi sama." Shekara biyu ke nan ina gudu, ina rubuta nauyina da lokacina a wani ɗan littafi. Tun da wannan ne zangona na ƙarshe, bari in bar wa na baya abin da littafin ya nuna mini.

Ni ɗan Mabai ne, a ƙaramar hukumar Ƙanƙara. A wajenmu keke na ɗaukar buhu ne, iyo kuwa sai damina idan kududdufi ya cika. Gudu ma, tun da tsaro ya taɓarɓare, ba mai fita bayan gari da asuba don motsa jiki. Sai da na zo nan na fara ganin tseren Ironman a waya, wanda aka faro a Hawayi a 1978: iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudun fanfalaki kilomita 42.2, duk a rana ɗaya. Tambayar da ta fara zo mini ita ce, wane irin jiki ne ke ɗaukar wannan wahala?

Amsar ba ɗaya ba ce. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019, nauyinsa kimanin kilo 52 ne. Amma Kristian Blummenfelt na Norwe, wanda ya ci zinare a tseren iyo da keke da gudu na Olamfik ɗin Tokiyo a 2021, ya kuma zama zakaran Ironman na duniya a 2022, ya haura kilo 70. In ka ga ƙirjinsa sai ka rantse ɗan kokowa ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

To, ga nawa lissafin. Tsayina mita 1.72. Nauyina yana kai-kawo ne tsakanin kilo 60 da 66, ba don na tsara ba, yanayi ne kawai. Idan na dawo daga hutun damina bayan noma, ko ƙarshen zango da guzuri ya ƙare, ina sauka zuwa 60 ko 61. A irin wannan lokaci kilomita 10 na cinye mini minti 45, ƙafa ta yi nauyi, mura ba ta barina, karatu ba ya zama a kai. Bayan babbar salla kuma na kan kai 66, numfashi ya riƙa yankewa a kan tudu. Lokacina mafi kyau, minti 41 da 'yan daƙiƙu, na yi shi ne ina kilo 64. Sau uku na kusanci wannan lokaci, kuma duk ukun ina tsakanin 63 da 64, ina cin abinci sau uku, ina barci isasshe.

Dalilin ba boyayye ba ne. Gaskiya ne kitsen da ya yi yawa kaya ne, ɗaukarsa kake yi a kowane taku. Amma sikeli ba ya bambance kitse da tsoka da ruwa. Lita ɗaya ta gumi kilo ɗaya ce. Ka yi gudu a zafin Afrilu ka hau sikeli, za ka ga ka "rage", alhali ƙishirwa ce. Haka kuma makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka daga tuwo da shinkafa, kowane giram yana riƙe ruwa kusan giram uku. Wanda ya daina cin tuwo kwana uku ya ga kilo ya sauka, man tankinsa ya zubar. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya sa wa wannan matsala suna, RED-S, wato ɗan wasa ya riƙa ƙona abin da ya fi abin da yake ci. Tana raunana ƙashi, tana rage garkuwar jiki, ga mata kuma tana iya ɗauke al'ada.

Na ga haka da idona. Wani abokin gudunmu ya koma shayi da safe, garin kwaki da dare, wai yana neman kilo 55. Ya samu kilon, amma ƙashin ƙaurinsa ya tsage, ya yi wata biyu yana ɗingishi, zaɓen ma a zaune ya kalle shi.

Mu faɗa wa juna gaskiya: shawarar rage ci an yi ta ne don masu firji cike da abinci. Mu nan da yawanmu sifili-ɗaya-sifili muke yi, ba don wasa ba, don aljihu. Matsalarmu ƙarancin ci ce. Kuma abin da jiki ke nema ba sai mai tsada ba: koko da ƙosai, garau-garau, ɗanwake, awara, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale, fura da nono bayan dogon gudu.

Mai son gano nasa nauyin, ya hau sikeli ɗaya, sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo. Ya rubuta lokacinsa a kan hanya ɗaya, ya rubuta yadda ya yi barci, da ko ya yi ciwo. Bayan wata shida lambar za ta fito da kanta. In da abin ragewa, a rage shi sannu a hankali tun gasa na nesa, ba ana saura mako biyu ba. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba dalili, asibiti ya kamata ya nufa kafin fili.

'Yan'uwa, jikin nan shi zai kai mu ɗakin jarrabawa, shi zai koma gida ya riƙe fartanya, ko an ci kofi ko ba a ci ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.