Kukan Boris

A wani ƙauye na ƙasar Ingila akwai wani dattijo wanda sana'arsa ita ce rage rassan itatuwa. Babban jarinsa wani inji ne mai daddatsa itace. A cusa masa reshe ta baki, wuƙaƙensa su mai da shi ɓarɓashi, ya feso ta wani bututu. Injin ba shi da taya, a kan sarƙar roba yake tafiya irin ta katafila, domin ya shiga taɓo da gangare inda mota ba ta kaiwa. Wannan dabara kuwa tsohuwa ce, gama tun 1904 Benjamin Holt ya gwada tarakta mai sarƙa a Kalifoniya ta Amurka, kuma daga sunan kamfanin Caterpillar, wanda aka kafa a 1925, Hausawa suka sami kalmar katafila.

A ƙarƙashin injin akwai waɗansu ƙananan ƙafafun ƙarfe a jere, su ke danne sarƙar, su ke ɗauke da nauyinsa duka. Cikin kowace akwai boris biyu. Boris kuwa zobba biyu ne na ƙarfe, da ƙwallaye a tsakaninsu cikin giris. Muddin robar da ta toshe bakinsa tana da lafiya zai daɗe. In ta tsage, ruwa da yashi suka shiga, sai su yi ta cinsa sannu a hankali.

Ran nan da la'asar suna sauke injin a gida, dattijo ya ji wani siririn kuka daga gefen hagu. Ya taɓa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya ji ta tsakiya da zafi. Ɗansa ya ce, "Baba, gobe fa muna da aiki a gangaren nan, an kuwa ba da rabin kuɗi. A bar shi mana sai ƙarshen mako."

Dattijo ya ce, "Gangaren ne abin tsoron. Ƙafa in ta fara girgiɗi sarƙa na iya zamewa, inji mai nauyin fiye da tan ɗaya ya karkace, kai kuwa ka ke tafiya a gefensa."

Suka ɗaga injin da jak, suka tokare shi da gungumomi, domin mai hankali ba ya sa hannu ƙarƙashin abin da jak kaɗai ya riƙe. Giris ne aka ɗura da ƙarfi yake ɗaure sarƙar, saboda haka dattijo ya kwance notinsa kaɗan kaɗan, ya kau da fuska, har giris ya fito, sarƙa ta saki. Da suka jijjiga ƙafafun, ashe uku ne suka lalace, watau boris shida ke nan. Huɗu kaɗai ke cikin akwati, ga kantuna an rufe.

Dattijo ya buga wa mai aiki waya ya nemi jinkirin kwana ɗaya. Mutumin ya yi fushi, ya ce a mayar masa da kuɗinsa, ya ba wani. Yaro ya ɓata rai, bai ce uffan ba.

Da gari ya waye aka aike shi kanti da lambar da ke jikin tsohon boris, 6205. Uban ya nuna masa cewa in ya ninka lambobi biyu na ƙarshe sau biyar ya san faɗin raminsa, milimita 25 ke nan. Suka cire zoben da ke riƙe da tsofaffin, suka fitar da su, suka wanke gurbinsu tas. Sababbin kuwa aka sa su a firji tukuna, don sanyi ya tsuke su su shiga ba gardama. Dattijo ya gargaɗe shi kada ya bugi zoben ciki, sai na waje, gama bugu in ya ratsa ta ƙwallaye ya kashe boris tun bai fara aiki ba.

Da yaro ya fitar da na ƙafar tsakiya, sai ya wargaje a tafin hannunsa, ƙwallaye sun yi tsatsa, waɗansu sun farfashe. Ya daɗe yana dubansu. Sa'an nan ya tashi ba a sa shi ba, ya zagaya gefen dama, ya shiga jijjiga ƙafafun can ɗaya bayan ɗaya.