Kilomita 21 a ƙafa: Daga Kahu zuwa Rano

Ranar da muka fara gudu a Kahu, wata dattijuwa da ta fito sharar ƙofar gida ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Samari, lafiya? Wa ya biyo ku?" A garinmu babba ba ya gudu sai da dalili, ko gobara ta tashi ko saniya ta tsinke. Mu huɗu ne, dukkanmu ɗaliban jami'a, kuma abin da ya biyo mu shi ne zaman kashe wando.

A 2020 ne. Malaman jami'a sun shiga yajin aiki tun watan Maris, ga kuma kullen korona. Da damina mun taya iyayenmu noma, amma da aiki ya fara sauƙi sai yini ya yi mana tsawo. Daga bencin mai shayi sai latsa waya. Ɗayanmu, mai karatun injiniya, har ya fara cewa ko an janye yajin shi ba zai koma ba, gara ya tafi ci-rani kudu.

Ana haka muka gani a Facebook cewa za a yi gasar gudun yada-ƙanin-wani a Kaduna ranar 21 ga Nuwamba, har da tseren kilomita 21. Wannan shi ne rabin cikakken gudun, wanda tsawonsa kilomita 42 da mita 195 ne, kamar wanda ake yi a Legas tun 2016. Muka lissafa kuɗin mota da na masauki, muka ga ba mu da su. Sai ƙaramin cikinmu ya ce, "To, ai kilomita ta Kaduna ba ta fi ta Kibiya tsawo ba." Nan muka yanke shawarar yin namu a gida.

Mun yi kusan mako goma muna shiri. Bayan sallar asuba muke fita, sau huɗu a mako. Makon farko kilomita 3 ma sai da muka haɗa da tafiya. Muka riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, muna aunawa da manhajar waya, har muka kai 16. Takalmanmu na gwanjo ne daga Ƙofar Wambai a Kano. Da wani ya yi ƙorafin nasa ya yage, muka tuna masa da Abebe Bikila na Habasha, wanda ya lashe zinare a gasar Olamfik ta Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa.

Hanyar kuwa a kan babur muka tsara ta. Za mu tashi daga Kahu, mu ratsa ƙauyuka ta hanyar burji, mu hau titin da ya haɗa Kibiya da Rano, mu ƙarasa cikin garin Rano. Sai da muka yi ta ƙara kwana muna ragewa kafin awon ya cika 21. Ƙanenmu biyu suka yarda su bi mu a babur da jarkar ruwa da ledar dabino.

Muka tashi wata safiya a tsakiyar Disamba, hunturu ya sauka, leɓe duk ya tsage. Kilomita biyar ɗin farko wasa ne, har hira muke yi. An yanke dawa, an jingine kara a tsaye cikin gonaki, don haka ido yana kaiwa nesa. Kukoki sun zubar da ganye sun tsaya tsirara, gawo kuwa ya yi kore shar, domin shi da rani yake fitar da ganye, awaki sun taru a ƙarƙashinsa. Mun sha bin hanyar nan a kan acaba, amma ba mu taɓa sanin tana da hawa ba sai ranar da cinyoyinmu suka gaya mana.

Da muka hau kwalta rana ta fara dukan ƙeya. Can gaba duwatsun Rano suka ɓullo cikin hazo, manyan falalen dutse, wasu a ɗore kan wasu kamar an jera su da hannu. A aji mun haddace cewa Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini. A littafi layi ɗaya ne. Amma wanda ya doso garin a ƙafa, yana haki, yana ganin dutsen yana ƙara girma, shi zai gane abin da ya sa mutanen da suka zaɓi su zauna a gindinsa.

A kilomita 17 aka samu matsala. Wannan ne karon farko da muka wuce nisan da muka saba. Injiniyanmu ya ce ƙafarsa ta riƙe, ya zauna a bakin titi, ya cire takalmi, ga bororo ya fashe. Ya ce mu tafi, shi zai hau babur. Muka tsaya cirko-cirko, domin mun yi alkawari tare za mu shiga Rano.

Sai ga wasu matan Fulani uku da ƙoren nono a ka. Babbar cikinsu ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, me ya same ka?" Ya ce, "Inna, daga Kahu muke, a guje." Ta yi dariya ta ce ita tun tana budurwa take kai nono gari da ƙafa, ta koma rugga da ƙafa, wani lokaci da goyo. "Kai ba ka ɗauko komai ba sai kanka. Tashi." Suka wuce abinsu ba su ko waiwayo ba.

Ya sha ruwa, ya ci dabino uku, muka miƙe masa ƙafar, ya mayar da takalmi. Kilomita huɗun ƙarshe ba wanda ya yi magana. Mukan ce daga wannan turken lantarki zuwa wancan, in mun kai mu zaɓi wani. Da manhaja ta nuna 21, muna cikin Rano kusa da wani mai ƙosai. Awa biyu da minti 41. Zakarun duniya irin na Kenya da Habasha suna gama wannan nisa cikin kusan awa ɗaya. Ba tafi, ba lambar yabo, sai mai ƙosan da ya ƙara mana na naira hamsin kyauta.

Ga duk wanda zai gwada, kada ya fara da 21. Ya fara da abin da zai iya, ya ƙara a hankali, ya fita da sanyin safiya, ya sha ruwa, kada ya sa sabon takalmi ranar gudun, kuma in ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya tsaya nan take.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka dakatar da yajin aikin. Da aka buɗe makaranta, mu huɗu muka hau mota ɗaya zuwa Kano, har da injiniya, wanda ya ce tunda ya tashi a kilomita 17 ba zai zauna a aji uku ba. Yanzu idan muka zo hutu muka fita da asuba, yara bakwai ko takwas ke bin mu a baya. Dattijuwar nan ta daina tambayar wa ya biyo mu. Sai dai ta ɗaga tsintsiya ta ce, "A dawo lafiya."