Ruwan Wikki da Gwiwar Babanmu

Babanmu ya daɗe yana fama da sanyin ƙashi. Da zarar hunturu ya kankama, gwiwarsa ta dama sai ta ƙi lanƙwasuwa, har sallah ma a zaune yake yi. An sha man zafi, an sha jiƙe-jiƙe, kafin wani abokin kasuwancinsa ya ce masa, "Alhaji, ka daure ka je Yankari ka shiga ruwan Wikki."

Daga Bauchi muka kama hanyar Gombe, a Dindima muka saki titi muka nufi daji. A lokacin Yankari na hannun gwamnatin tarayya, wadda ta karɓe shi a 1991, kafin ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Mu yara giwaye muke ɗokin gani. Shi kuwa Baba ba abin da ya kai shi sai ruwa.

Ana gangarawa ne ta matakala, ni na riƙe masa hannu. Ruwan daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai, kana hango farin yashin ƙasansa da yatsun ƙafarka. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina, daga nan ya malale zuwa kogin Gaji. Da sanyin asuba tururi ke tashi a kansa, kai kana karkarwa a bakin gaɓa, da ka tsoma ƙafa sai jiki ya saki. Gwaggon biri kuma na kan bishiya yana jiran ka yi sakaci da ledar burodinka.

Dattawa ba iyo suke yi ba. Wuri suke samu inda ruwa ya kai ƙirji, su zauna suna murza gwiwa, suna tambayar juna, "Ya ƙarfin jikin?" Wani ya zo da ciwon baya, wani da ƙaiƙayi, wasu har jarka suke cikawa su tafi da ita gida.

Ba zan ce ruwan ya raba Baba da ciwon ba. Ɗumi ne ke sassauta jijiya, ruwa kuma ya ɗauke wa gaɓoɓi nauyin jiki. Amma a ranar, da idona na ga ya hau matakalar nan ba tare da ya dafa ni ba, ya yi azahar a tsaye, da ruku'u da sujada. Har Allah ya yi masa rasuwa, duk wanda ya kawo masa kukan gwiwa, kwatancen hanyar Dindima yake fara yi masa.