Tasar Kaka Ba Ta 'Yan Gwangwan Ba Ce

Uwargida, in kin shiga kasuwar Musawa ki leƙa wajen maƙera. Ban da fartanya da laujen manoma, za ki ga tukwanen alminiyum na zubi. Kafin zuwansu, tasoshin tagulla masu zane, wasu aikin Nufawan Bida, su ke ƙawata jeren amare. Yau ga 'yan gwangwan muke sayar da su bisa kilo, a narkar. A Koriya ta Kudu kuwa, kwanon tagullar da ake ƙerawa da guduma har gidan tarihi aka buɗe masa a birnin Daegu a 2007, kuma ana ƙera sababbi. Don Allah ki goge tasar kakarki da toka da lemun tsami, ki adana wa 'yarki.