Katagum Uku a Akwati Ɗaya

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Da na shigo da safe sai da na share ƙurar hunturu daga kan kwamfuta kafin in kunna ta. Maigida ya miƙo min filas ya ce, "Ɗana, ga aikinka na wannan mako. Ka juye wannan cikin sabon rumbun nan kafin Juma'a." Na ce, "To, ranka ya daɗe," a zuciyata ina cewa kafin azahar na gama.

Jadawalin Excel ne guda ɗaya mai layi 1,862. Tun 2009 yake rubuta duk cinikin fili, gida, shago ko gona da ya ji an yi a Azare da kewaye: ina ne, nawa ne girmansa, nawa aka biya, yaushe. Wannan shi ne jarin mai ƙiyasta darajar kadara. Idan banki na son sanin kuɗin gidan da za a jinginar masa, ko kotu za ta raba gado, ko gwamnati za ta biya diyya, ba a tsayawa a dubi gida a yi hasashe. Ana nemo makamantansa da aka sayar kwanan nan a kusa, a gwada, a ƙara nan a rage can. Sabon rumbun bayanan da ofis ya saya zai riƙa zaƙulo makamantan da kansa.

Na adana jadawalin a tsarin CSV, na ɗora. Manhajar ta ɗan yi nazari, sannan ta yi watsi da fiye da rabin layukan. Waɗanda ta karɓa ma sun fito da rauni: duk inda aka rubuta Ƙofar Gabas ya koma "?ofar Gabas", alamar naira ita ma ta koma alamar tambaya. Wannan mai sauƙi ne. CSV iri-iri ne a Excel, kuma mai ɗauke da UTF-8 shi ne ya san haruffanmu masu lanƙwasa. Na sake adanawa, ƙa da ɗa suka dawo gida.

Talata, 14

Yau ranar kuɗi da awo ce. Akwatin farashi a rumbun lamba tsura yake karɓa, ba waƙafi, ba harafi. Shi kuwa Maigida yadda abu ya zo masa haka yake rubutawa: "N850k", "1.5m", "dubu ɗari tara", "2.3 har la'ada". Na ƙarshen nan ya tsayar da ni, domin la'adar dillali ba kuɗin fili ba ce, dole a cire ta, kuma bai rubuta nawa ba ce.

Girman fili ya fi ba ni wahala. Rumbun murabba'in mita yake so. Mutanenmu da ƙafa suke awo: hamsin da ɗari, ɗari da ɗari, hamsin da hamsin. Hamsin da ɗari murabba'in ƙafa 5,000 ke nan, idan aka ninka da 0.0929 ya ba da murabba'in mita 464.5. Eka ɗaya 4,047, hekta 10,000. Duk wannan lissafi ne, kwamfuta ta iya. Amma me zan yi da "fuloti ɗaya"? Na tambayi Maigida, ya ce ya danganta da wanda ya yanka filin. A shimfiɗar gwamnati abu ɗaya ne, a gonar da mai ita ya yayyanka ya sayar wani abu ne daban. Akwai kuma layi goma sha wani abu da aka rubuta "taki 40". Takin wa? Dillali dogo ko gajere? Na ware su gefe.

Laraba, 15

Na tarar da wani gida a Matsango, gini na bulo da rufin kwano, an sayar da shi 45000. Na daɗe ina kallo ina mamakin wannan garaɓasa. Ashe kwanan wata ne ya zame ya faɗa gurbin kuɗi. Excel ba ya ajiye kwanan wata yadda muke ganinsa, ƙirga kwanaki yake yi tun daga farkon shekarar 1900, kuma kwana na 45,000 shi ne 15 ga Maris 2023. Wani ya taɓa haɗe akwatuna biyu a wannan layi, shi ya sa bayanan suka gusa. Da ban lura ba, da gidan nan ya zauna a rumbu yana jan farashin unguwa guda zuwa ƙasa.

Daga nan na shiga duba kwanan watan ɗaya bayan ɗaya, na ga babbar matsalar. Kwamfutoci uku jadawalin ya bi a rayuwarsa. Ɗaya daga cikinsu an saita ta bisa tsarin Amurka, wata kafin rana, mu kuwa rana muke fara rubutawa. Idan ranar ta wuce 12 babu ruɗani, tunda babu wata na 13. Amma 05/07/2023 fa? Ko 5 ga Yuli ne, ko 7 ga Mayu. A wata shekarar da sai in ce wata biyu ba komai ba ne. A 2023 kuwa tsakanin waɗannan ranaku aka cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayu, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin Yuni. Kuɗin siminti, rodi da dakon yashi duk suka tashi, kuma wanda ke da gida ya san abin da zai kashe in zai sake gina irinsa. Farashin kafin da na bayan ba sa zama kwano ɗaya.

Lambobin fayil ma ba su tsira ba. Wanda aka rubuta 3/12 Excel ya mai da shi 3 ga Disamba ba tare da ya tambayi kowa ba. Lambobin wayar dillalai sun rasa sifilinsu na farko. Sai da na sauko da tsofaffin littattafan Maigida daga saman kabad, masu baƙin bango, na riƙa gwadawa. Atishawa har la'asar.

Alhamis, 16

Na yi gwaji da layi ɗari biyar da na tsabtace. Na ce wa rumbun ya ba ni matsakaicin kuɗin murabba'in mita a Katagum. Ya ba da wata lamba. Na kai wa Maigida, ya duba ta saman tabarau ya ce, "Da wannan kuɗin a Azare ko kangon bayan gari ba za ka samu ba, a Katagum kuma sai ka sayi fili har da na maƙwabci. Wace Katagum ka tambaya?"

Ni ɗan garin nan ne, na san amsar tun ina firamare, amma ban taɓa tunanin za ta zame min matsalar aiki ba. Katagum uku ce. Akwai garin Katagum, wanda Malam Ibrahim Zaki, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19 a bakin kogin Jama'are, inda Baturen nan Clapperton ya sauka a 1824 kan hanyarsa daga Barno zuwa Kano. Akwai masarautar Katagum, wadda fadarta ta taso daga can ta dawo Azare a zamanin Turawa, ta zo da sunanta. Akwai kuma ƙaramar hukumar Katagum, wadda hedikwatarta Azare ce. Garin Katagum kansa ba ya cikin ƙaramar hukumar Katagum, shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki. Baƙo in ka yi masa wannan bayani sai ya ɗauka zolayarsa kake yi.

Maigida a jadawalinsa gurbi ɗaya ya yi wa wuri, kuma "Katagum" yake rubutawa ko wacce yake nufi, saboda shi ya sani. Rumbun bai sani ba. Ya haɗa filin da ke kusa da babban asibitin tarayya na Azare, inda ma'aikata da ɗalibai ke neman haya ido rufe tun da aka kafa jami'ar kimiyyar lafiya a 2021, da filin da ke tsohon gari mai nisan kilomita kusan saba'in arewa, ya raba biyu ya miƙo min.

Na fasa gurbin gida uku: ƙaramar hukuma, gari, unguwa. Madara, Chinade da Bulkachuwa suka koma ƙarƙashin Katagum ƙaramar hukuma, garin Katagum ya koma ƙarƙashin Zaki. Layi 94 suka rage waɗanda ba a rubuta musu komai ba sai kalmar nan guda. Maigida ya tuna da yawa daga sunan dillalin da ya kawo labarin. Sauran ya ce sai mun je.

Juma'a, 17

Babu wuta tun asuba, janareto ya ƙi tashi. Wa'adi ya cika ban kai ko rabi ba. Bayan an sauko daga masallaci na faɗa wa Maigida. Ya ce, "Shekara goma sha shida na yi ina tara shi. Ka ƙara kwana uku."

Asabar, 18

Mun tafi Katagum ta Gadau, hazo ya rufe gaba har sai da hantsi ya ɗaga. Mun sami dattijon dillalin da Maigida ya daɗe yana hulɗa da shi a zaurensa. Bayan gaisuwa na buɗe takardata na fara karanto masa layukan da suka gagare mu. Bai taɓa ganin Excel ba, amma ko ɗaya bai ɓace masa ba.

Na karanto wata gonar fadama da kuɗinta ya yi ƙasa ƙwarai. Na ce, "Baba, ko kuskuren rubutu ne?" Ya ce, "A'a yaro, daidai ne. Wa ne ya sayar wa ƙaninsa. Ai ba ciniki ba ne, zumunci ne." Wata kuma mai ita matarsa ce ke kwance a asibiti, ya sayar cikin kwana biyu. Wani fili a gefen gari ya ce tun ambaliyar 2022 babu mai taya shi da rabin abin da aka biya a da, domin kowa ya ga inda ruwa ya tsaya a jikin katanga. Wani kuma kuɗin da aka rubuta a takardar ciniki ba shi aka ƙirga a hannu ba.

A hanyar dawowa na sake buɗe jadawalin a wayata, na je gurbi na ƙarshe, wanda Maigida ya kira "Bayani". Ranar Litinin na tsallake shi saboda rumbun ba ya lissafi da shi. Duk abin da dattijon ya faɗa yana nan a gajarce: "ɗan'uwa ne", "matsuwa", "ruwa na kwanciya", "rigimar gado". A makaranta an koya mana cewa darajar kasuwa ita ce abin da mai saye da mai sayarwa suka daidaita a kai kowa da yardarsa, babu tilas babu alfarma. Na haddace na ci jarrabawa. Ban taɓa lura cewa gurbin da ke bambance wannan da wancan shi ne wanda na yi niyyar zubarwa ba.

Lahadi, 19

Aiki a gida. Na ƙara gurbi biyu a rumbun. Na farko: cinikin kasuwa ne, e ko a'a. Na biyu: irin takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma fili mai takardarsa ta shaidar mallaka, wadda kowa ke kira Si-of-O, banki na karɓarsa jingina. Mai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu kawai, ko da katanga ɗaya ta raba su, kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Manhajar ta kuma nuna min layuka 61 da ta ce maimaici ne, tana neman izinin gogewa. Na duba kafin in danna. Wasu maimaicin ne da gaske. Amma akwai fili ɗaya a hanyar Misau da aka sayar a 2012, aka sake a 2017, aka kuma sake a 2023. Wuri ɗaya, girma ɗaya, farashi uku. Babu abin da ya fi irin wannan nuna yadda ƙasa ke tashi a gari. Na hana ta taɓa su.

Litinin, 20

Na ɗora da ƙarfe goma sha ɗaya. Layi 1,604 suka shiga lafiya, 213 daga cikinsu da alamar cewa ba cinikin kasuwa ba ne, suna nan a ajiye amma ba sa shiga lissafi. Sauran 258 na bar su a wani fayil daban: masu taki, masu kwanan watan da ba a tantance ba, masu la'ada a ciki. Na ajiye kwafin asalin jadawalin wuri biyu ban taɓa masa ko ɗigo ba.

Talata, 21

Aiki na farko ya zo, gidan gado a Nasarawa da magada ke son a ƙiyasta kafin rabo. Na shigar da unguwa da girma, rumbun ya kawo makamanta bakwai cikin ƙiftawar ido. Maigida ya jawo kujera ya bi su da yatsa a kan gilashi. Ya amince da shida. A na bakwai ya tsaya, ya ce wannan gidan yana kallon kwata, kuma bai rubuta ba a lokacin saboda ya san ba zai manta ba.

Na buɗe gurbin Bayani na rubuta "yana kallon kwata". Ya ce gobe in zo da wuri, mu fara bin 258 ɗin nan, shi da littattafansa ni da kwamfuta.