Na Kai Jitar Kawu Gyara Jos

Ƙannena ɗalibai, duk wanda abin aro ya taɓa lalacewa a hannunsa zai gane halin da na shiga a hunturun bara. Jitar ba tawa ba ce. Ta Kawu ce, ƙanin mahaifiyata, ya saye ta tun yana saurayi, ba a ma haife ni ba. Da na samu gurbin karatu a jami'a a Zariya na yi ta yi masa naci har ya ba ni aronta, bisa sharaɗi guda: yadda na karɓa haka zan mayar. Mama ba ta so ba, don a ganinta ɗan kirki ba ya yawo da abin kiɗa a kafaɗa, amma ta yi shiru saboda ƙaninta.

Wata safiya cikin watan Janairu na ɗauko ta daga jikin taga inda na saba jingine ta, sai na ga guntun katakon nan da ke riƙe da wayoyi a kan cikinta, wanda masu gyara ke kira birij, ya ɗago ta baya har takarda tana shiga ƙarƙashinsa. Wayoyin sun yi sama, in ka danna sai yatsa ya yi zafi. Duk abokin da na tambaya amsarsa ɗaya ce: kai ta Jos, ai can ne garin mawaƙa. Ina da Gwaggo a can, ga hutu ya zo, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Tun a tasha aka fara. Direba ya ce a jefa ta but tare da buhunan masara, na ce sam. Haka na rungume ta a cinya kamar jaririya, muka bi ta Soba, Pambeguwa, Saminaka. Daga Saminaka ƙasa take fara sauya kama, duwatsu su yi ta matsowa kusa da titi, in an wuce Jingir kuma mota ta kama hawa. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, shi ya sa sanyinta daban yake. Na taso a Zariya ina taƙama na san hunturu, amma da magariba ta yi mini a Jos sai da na ari rigar sanyin ɗan Gwaggo. Za ka ga manyan duwatsu wani kan wani kamar da hannu aka ɗora, ka ga gonaki da shingen ƙyarana, a Farar Gada kuma ga kabeji da karas da dankalin Turawa tuli-tuli.

Batun garin mawaƙa ba ƙarya aka yi mini ba. Nan ne garin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, mutumin da ya zaga duniya da kuntigi, abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya tal da ake yi da gwangwani a rufe da fata. Tagwayen nan na P-Square a Jos suka taso, haka M.I da Ice Prince. Kuskurena shi ne na ɗauka tunda garin ya yi suna da kiɗa, duk wanda ya buɗe shago a cikinsa gwani ne.

Washegari na nufi wajen Taminus, inda kangon babbar kasuwar Jos da ta ƙone a 2002 ke tsaye har yanzu, 'yan kasuwa sun bazu a titunan da ke kewaye da shi. A wani layi na samu shago cike da sifiku da makirfo da ganguna, ga jita uku a rataye. Mai shagon ya karɓi tawa, ya juya ta, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga cuta mai tsanani.

"Ɗan makaranta, Allah ne ya kawo ka da wuri. Da ka ƙara mako ɗaya, sai dai a hura wuta da ita."

Ya ce naira 28,000, har da sababbin wayoyi shida. Na yi ciniki ya dawo 22,000, ina jin kaina gwani. Kuɗin abincina ne na watan farko in an koma makaranta. Ban tambaye shi me zai yi mata ba, don ko ya faɗa ba ganewa zan yi ba. Na biya duka nan take. Ya ce in dawo bayan awa biyu, ni kuwa har da murna wai na samu mai saurin aiki.

Awa biyun nan a gidan tarihi na Jos na yi su, wanda aka buɗe a 1952. Na ga kawunan mutum-mutumin Nok na yumɓu, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa, wasu sun haura shekara 2,000. Kuzar ce ma ta tara mutane daga ko'ina har Jos ta zama gari. In makarantarku ta shirya ziyara, kada ku bari ta wuce ku.

Da na koma, jitar tana ƙyalli, an goge ta da mai. Janareta na ruri, sifika na gwada sauti, ya kaɗa wayoyin sau biyu ya miƙo mini. Ban ji komai ba sai hayaniya. Na yi godiya har da rusunawa.

Sai da dare, a ɗakin Gwaggo, gari ya yi tsit, sannan asiri ya tonu. Wayoyi biyu na sama suna zizar ƙudan zuma. Na haska fitilar waya: kawunan sukuru biyu ne a kan birij ɗin, an huda cikin jitar an ɗaure, an shafe su da baƙin alƙalami. Gefensa ga farin tabon sufa-gulu ya dalalo kan fenti. Cikin wayoyi shida, biyu ne kawai sababbi, sauran nawa ne aka goge. Ɗan Gwaggo, da yake taubashina ne, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Garin neman gira ka rasa ido ke nan! Da ni ka ba dubu biyu, da ƙusa zan buga maka, ta fi ƙarfi."

Ban yi barci ba. Kuɗin ya dame ni, amma ramukan nan biyu a jikin kayan Kawu sun fi damuna. Na yi ta saƙa yadda zan je da safe in tara masa jama'a.

Taubashin nawa dai ya yi mini rana. Ya ce akwai wani dattijo kafinta a kasuwar Katako da ke kaɗa jita a cocinsu, mu fara zuwa wurinsa. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan yi jim. Mu da ke nesa labarin rikice-rikicen Jos muka fi ji, na 2001 da na 2008 da waɗanda suka biyo baya, kuma gaskiya ne sun raba unguwanni da dama, Musulmi a nan Kirista a can. Amma kasuwa ba ta rabu haka ba. A Katako, tsakanin masu katako da masu gwanjo da masu hatsi, kowa da kowa ne, kuma Hausa ce ke haɗa su.

Baban ya share garin katako daga kan bencinsa ya kwantar da ita. Bai ce komai ba sai da ya zura hannu ta ramin cikinta ya shafo tsinin sukurun. Sannan ya dube ni.

"Ɗana, a ina kake ajiye ta?"

Na ce jikin taga. Ya ce to tun daga nan aka fara cutar ta. Abin da ya koya mini a rabin awa, da na san shi tun farko, da ban yi asara ba. Katako ko an yanke shi yana shan laima yana kuma fitar da ita. Jita ta fi son iska mai laima kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturunmu kuwa yakan sauko ƙasa da kashi 20. Sai katakon ya tsuke, gam ya saki, wani lokaci har ciki ya tsage. Ga rana ta taga tana gasa ta. A lokaci guda wayoyin ƙarfe shida in an ɗaure su daidai suna jan birij da nauyin da ya kai kusan kilo 70, ya fi buhun siminti, dare da rana. Yaya ba zai ɗago ba?

Gyaran gaskiya, in ji shi, sai an ɗumama birij ɗin an cire shi gaba ɗaya, a kankare tsohon gam daga ɓangarorin biyu har katako ya fito fes, a shafa gam ɗin katako, a matse da ƙarfen matsi na kafintoci, a bar shi aƙalla kwana guda kafin a ɗaura waya. Don haka duk wanda ya ce maka awa biyu, ya riga ya gaya maka ba zai yi aikin ba. Sufa-gulu yana bushewa kamar gilashi, ba ya bin motsin katako. Sukuru kuma yana tara duk nauyin a wuri biyu ƙanana a kan katako mai kaurin da bai wuce milimita 3 ba, wata rana sai ya yage shi. Zizar da nake ji, ɗan farin ƙashin da wayoyi ke hawa kansa ne aka goge da samfefa fiye da kima ta gefe ɗaya, don wayoyin su yi ƙasa a ga kamar an yi aiki.

Ya ɗauko rula ya nuna mini abin da ya fi burge ni, ku masu darasin fizis ku saurara. Ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, na goma sha biyu yana daidai tsakiyar waya. In ka danna a nan ka raba tsawonta biyu, sai ta ba da sauti iri ɗaya da na wayar a sake, amma siriri, don saurin karkarwarta ya ninka. A daidai wurin ake auna tazarar waya daga ƙarfen, mai kaurin ta kasance wajen milimita 2 da rabi. Tawa ko 1 da rabi ba ta kai ba.

Na ce zan je in yi masa rashin mutunci. Baba ya ce, "In ka je da ihu, maganar za ta koma kan ihunka. Je ka da rular nan."

Haka aka yi. Na koma da taubashina, na yi sallama, na gaishe shi kamar ba komai, na roƙi a kashe sifika. Na ce, "Maigida, wayoyi shida muka yi da kai, ga biyu. Ga sukuru da ba ka gaya mini za ka sa ba. Ga awo." Ya fara da cewa haka ake yi ko a Turai, ya koma cewa jitar ce ta tsufa, daga baya ya ce aiki in an gama an gama. Murya ta so ta ɗaga mini, na danne. Maƙwabtansa suka fara leƙowa. Wani dattijo da suke kira ciyaman ɗin layin ya karɓi jitar, ya kankare baƙin alƙalamin da farce, ya dubi mai shagon kawai. Aka yanke zai mayar da 10,000 ya kuma cika wayoyi huɗu. Har yau ina ganin kuɗina duka ya kamata ya dawo, har da na ɓarna. Amma ba rasit a hannuna, ba shaidar abin da muka yi da baki, kuma ni baƙo ne mai komawa jibi. Na karɓa.

Jibin bai yiwu ba, don aikin Baba kwana uku ya ci. Kafin ya taɓa ta ya faɗi abin da zai yi ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi wanda ba zai iya ba: tabon sufa-gulun ba zai fita duka ba. Ya ce 6,000, rabi yanzu, rabi in na kaɗa na gamsu. Kullum ina zuwa in zauna kan guntun gungume ina kallo, ana kawo mana shayi, yana ba ni labarin yadda mahaifinsa ya yi aikin kuza a Bukur. Ya toshe ramukan da 'yan turakun katako da ya fiƙe da wuƙa, ya sassaƙa sabon ƙashi daga ƙashin saniya da ya samo wurin mahauta. Ranar ƙarshe ya kaɗa mini wata waƙar cocinsu ta Hausa, ni kuma na yi masa ɗan abin da na iya, ya ce hannuna na hagu malalaci ne. Ya ba ni robar sabulu da ya huhhuda, da soso a ciki: in jiƙa, in matse sosai, in sa cikin jakar jitar duk hunturu, in kuma sassauta wayoyi in zan yi tafiya ko zan daɗe ban kaɗa ba.

Watan farko na zangon nan garin kwaki da ƙuli-ƙuli suka riƙe ni.

Da hutun ƙaramar Sallah na kai wa Kawu jitarsa. A hanya na shirya zan yi shiru, tunda turakun sun saje da katakon sai an ƙura ido. Ya karɓa, ya ɗora a cinya, babban yatsansa ya bi ta kan birij ɗin ya tsaya cak a kan na farko, ya matsa ya tsaya a kan na biyu. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Na zauna a ƙasa na kwashe labarin duka na gaya masa, har da kuɗin abincin. Bai tanka ba sai da ya gama ɗaure wayoyin ya kaɗa na ɗan lokaci.

"Wanda ya yi na biyun ya san aiki," in ji shi. "Wuyanta ma yana son dubawa. In za ka koma Jos ka gaya mini, tare za mu."